Rawanin Sarkin Rafi

Kwanakin baya wasu mata suka yi mini sallama, sun sha lalle da mayafai masu walƙiya, ɗaya tana riƙe da waya tana ɗaukar hotona tun ban ce su zauna ba. Kafin in gama shimfiɗa musu tabarma sun riga sun jera mini sunaye: Hajiya babba, uwa mai daraja, garkuwar matan Kusada, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba balle Makka. Wai sun zo ne su naɗa ni uwar ƙungiyarsu, za a kai ni ɗakin taro a Kankia a ba ni lambar girma. Na bari suka gama, na kawo musu ruwa, sannan na ce, "'Ya'yana, mi kuke so?" Suka dubi juna suka yi dariya, suka ce ba komai wallahi, girmamawa ce kawai. Na ce to Allah ya yi albarka, amma ƙafafuna sun daina hawa mota. Da suka tafi jikata ta turo baki ta ce, "Kaka, ke kowa ya yabe ki sai ki ɗauke shi ɓarawo." Ban musa mata ba. Har yau ban san abin da matan nan suke nema ba, wataƙila ma gaskiya suka faɗa. Amma wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya ja baya.

Abin da yarinyar nan ba ta sani ba, ni na tashi a lokacin da kalmomin nan suke da nauyi, ba a ɗaga su da hannu ɗaya. Yanzu ka leƙa bakin titi, kowace katanga da hoton mutum, a ƙarƙashinsa an rubuta mai girma. Ban yi boko ba, jikoki ke karanta mini. Yaron da na ci tuwon sunansa, wanda jiya-jiya yake kora awakin uwarsa, yau shi ne mai girma, gobe mai alfarma, jibi a ce an naɗa shi jarman wani abu da ba a taɓa jin sunansa ba. A rediyo kafin a iso ga sunan mutum sai an bi ta kan laƙabi kamar ana hawa tsani. A gidan biki mai lasifika yana rantsuwa cewa kowa ɗan asali ne jikan asali, muddin ya hango aljihu ya kumbura. Sarauta ta yi yawa har ta fi masu yi mata biyayya. Ni dai in na ji an fara jera wa mutum irin waɗannan, hannun mai jerawar nake duba, bakinsa ba ya gabana.

A Rimaye aka haife ni, a gidan gandu mai ɗakuna da yawa da rumbuna a tsakar gida. Abin da ke tashe mu da asuba ƙarar guga ce tana bugun bakin rijiya, sai kukan kurciya a kan tsamiya, sai luguden mata daga gida zuwa gida, har kana iya gane taɓaryar kowace mace ba ka gan ta ba. Yanzu inji ne ke yin niƙa, kuma kukan inji ɗaya ne ko na wa ne. Mu 'yan mata mukan yi surfe da tankaɗe, mu ɗebo ruwa, mu kai abinci gona a kai, da rani mu zauna gaban kakata ta wajen uba, wadda muke ce wa Iya, muna gurzar auduga ita tana kaɗi. A nan ne na ji yadda ake auna magana. Iya ba ta da karatu sai na salla, amma ba a kuskure kalma a gabanta a wuce. Wata rana wani maroƙi ya tsaya ƙofar gida yana kiranta mai ɗaukaka, ta aika masa da gero a ƙoƙo, ta ce a gaya masa ya karɓa ya tafi, amma kada ya ƙara, ɗaukaka ta Allah ce. Da muka tambaye ta ta ce, "Girma ai ko jaki ya daɗe shina samu. Daraja kuwa ta kasuwa ce, goro ma shina da ita da safe ya rasa ta da marece. Martaba ta masu rawani ce, yadda aka naɗa ta haka ake warware ta." Sai ta murza mazari a cinyarta, ta bar shi yana juyi, ta ce, "Mutunci shi ne naka. Amma ba a hannunka yake ba, a bakin mutane aka ba ka ajiyarsa." Mukan yi dariya a ɓoye, mu ce tsohuwa ta fara. A garin nan kaf ban ji an kira mutane da yawa dattijo a bayan idonsu ba, kuma a wurin Iya abin da aka faɗa a bayan ido shi ne kaɗai abin lissafi.

Aka yi mini aure a wani ɗan ƙauye da ke gaba da Mawashi, a bakin rafi. Maigidana, wanda ban taɓa kiran sunansa ba yana raye kuma ba zan fara yau ba, manomi ne mai ƙarfi, mai kunya, ba ya son hayaniya. Na tarar da mahaifinsa da rai, tsoho siriri mai tsohuwar riga ɗaya ta Juma'a. Ba shi da sarauta ko ta sisin kwabo, amma in an yi rikicin iyakar gona, ko rabon gado ya cije, zaurenmu ake zuwa. In ya ce nan ne, nan ɗin ne. Shi ne ya daidaita tsakanin garin da Fulanin da ke zaune a tudun gabas tun kafin a kawo ni. Aka bar musu burtali, wato hanyar shanu, daga gindin wata tsamiya har zuwa mashaya a rafi, aka ce nasu ne har abada, su kuma da rani su kwantar da shanu a gonakin gari a sami taki. Maigidana yana saurayi a lokacin, shi da hannunsa ya dasa gamba a gefen burtalin nan don ta zama shaida. Ya sha ba ni labarin yana alfahari.

A cikin Fulanin nan na yi ƙawa. Ta girme ni kaɗan, ina ce mata Adda, wato yaya a bakinsu. Kullum da hantsi sai in ji ƙarar awarwaronta kafin in ji sallamarta. Ta sauke ƙwarya, in ba ta dusa da gero, ta ba ni nono da man shanu, mu zauna bakin murhu tana yi wa Hausata dariya ina yi wa tata. Lokacin da na yi haihuwar fari uwata tana nesa, Adda ce ta riƙa ɗebo mini itacen wankan jego a kanta tun daga tudu. Surukinta, tsohon rugar da kowa ke ce wa Baffa, aminin surukina ne. Ranar da surukina ya rasu, Baffa ya zauna a ƙofar gidanmu har aka share makoki, yana jan carbi.

Bayan rasuwar da kamar damina biyu wani attajiri daga Kankia, mai fataucin fatu, ya fara tsayawa a ƙofar gidanmu. Shi ne mutum na farko da na gani da agogo a hannu. Da fari da sunansa yake kiran maigidana, kamar kowa. Sai ya koma ɗan dattijo. Yau ya kawo goro, gobe turare, wata rana hula mai aiki. Daga tsakar gida nake jin su, don zana ce kawai tsakanina da zaure. Ranar da na ji mutumin nan, wanda ya kusa haihuwar maigidana, ya ce masa ranka ya daɗe, taɓarya ta tsaya a hannuna. Na tsaya ina saurare. Yana cewa irin gidan nan bai kamata a bar shi ba rawani ba, wai kwarjinin uban yana fuskar ɗan, wai duk ƙasar nan ba wanda ya kai shi asali. Tsohon Sarkin Rafi, mai kula da fadama da rabon ruwa, ya rasu bai bar magaji ba, kuma shi attajirin yana da bakin magana a wurin mai gari.

Washegari da na kai wa maigidana koko na durƙusa, ban tashi ba.

Na ce, "Malam, mutumin nan mi yake nema wurinka?"

Ya ce, "Mi zai nema? Mai rumbuna da jakuna, mi gare ni da zai so?"

"Shi ne nake tambaya."

"Ke kin cika zargi. Mutum ya ga darajar mahaifina ya girmama ni, laifi ne?"

Na ce, "Baba ya daɗe a zauren nan. Ban taɓa ganin ya kawo mishi ko ɓarin goro ba."

Ya ajiye ludayi ya dube ni, kamar zai yi magana, sai ya ce kokon ya yi tsami. Na ɗauke ƙwaryata na fita. In ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi, amma ni a lokacin ban san wane takalmi ba ne. Na dubi gonarmu, ba ta kai a yi mata wannan wahala ba. Na dubi 'yan tumakinmu. Na yi ta juya abin ina daka, ina juya shi ina wanki, ban gano ba. Har na je wurin gwaggonsa, ƙanwar mahaifinsa, na ce mata hankalina bai kwanta ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, Allah ya tashi ɗaga gidanmu kina riƙe mishi ƙafa? Tashi ki ba ni wuri."

Bayan kaka aka yi naɗi. Attajirin ne ya kawo babbar riga da rawani, shi ya kawo makaɗa, shi ya yanka rago. Na yi guɗa tare da mata, na raba tuwo har hannuna ya yi zafi, don mijina ne, kuma ya yi kyau a cikin rigar, ba zan ɓoye ba. Daga ranar komai ya sake. Tsofaffin matan da ke aike na ɗebo musu wuta suka koma rusunawa in sun shigo, suna cewa Allah ya ja zamanin uwargida. Ni abin kunya yake ba ni, in rasa inda zan sa idona. Shi kuwa tafiyarsa ta canza, ya daina ratsa gari da fartanya a kafaɗa, sai dai a kai masa ita gona. Ya daina cin abinci da ƙannensa a akushi ɗaya. In ya ja amawali ya rufe bakinsa, muryarsa takan fito kamar daga cikin tulu, sai na matsa kusa nake jin abin da yake cewa. Ban ce ya zama mugu ba. Ya zama mai taka ƙasa a hankali ne, kamar wanda ya ɗauko ƙwai a ka.

Adda ce ta kawo mini amsar tambayata, ba ta ma san ta kawo ba. Wata rana da hantsi tana dama mini fura ta ce sun ga mutane da igiya suna awo a gindin tsamiya. Wai attajirin Kankia ya sayi gonar da ke dama da burtali, ya sayi ta hagu, yanzu yana cewa hanyar shanun ma cikin gonarsa take, aro aka ba Fulani, kuma mai aro ba ya hana mai abu abinsa. Yana so ya haɗe wurin ya dasa mangwaro har bakin ruwa.

Na ce, "Adda, mi Baffa ya ce?"

Ta yi dariya, ta ce, "Baffa ko a jikinsa. Ya ce tunda mijinki ne Sarkin Rafi ai ruwa ya zama namu. Ba shi ya dasa gambar ba? Ranar naɗi ma Baffa ya ce Allah ya mayar da abu gidansa."

Na karɓi furar na ajiye ban sha ba. Na ce mata cikina ne ba daɗi.

Da maigidana ya dawo daga sallar azahar na bi shi ɗaki. Ban taɓa yi masa magana a tsaye ba sai ranar. Na gaya masa abin da na ji. Bai yi mamaki ba, a nan na gane ya riga ni sani.

Na ce, "Malam, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi mishi aski. Ga askin ya zo. Ka mayar mishi da rigarshi tun ba a kira ka ba."

Ya ce, "In kwance rawani da hannuna? Nuna mini wanda ya taɓa yin haka bai zama abin dariya ba. 'Ya'yana za a riƙa nunawa da baki a kasuwa, a ce ga ɗiyan sarkin kwana kaɗan."

"In ka tsaya da rawanin ka faɗi gaskiya fa?"

"Wanda ya sa aka naɗa shi zai sa a warware."

Na ce, "Baba bai taɓa naɗa komai ba, kuma ba a taɓa wuce ƙofarshi ba."

Wannan ta taɓa shi. Ya zauna a bakin gado yana murza gefen rigar a tsakanin yatsunsa. Can ya ce, "Kin taɓa jin na yi ƙarya?"

Na ce, "Ban taɓa ba."

Ya ce, "To ba zan fara ba. Je ki."

Na fita da ɗan sanyi a raina. Yarinya ce ni, ban san cewa akwai hanyoyi da yawa tsakanin ƙarya da gaskiya ba, kuma mai rawani ya fi kowa sanin su.

Ranar da aka zauna shari'ar burtalin a ƙofar mai gari na ɗauki goyona na tafi gaishe da matarsa, na zauna a bayan zana inda ake jin komai. Mai garin tsoho ne mai son adalci, amma ba a gabansa aka yi maganar burtali ba, a zamanin wansa aka yi. Attajirin ya yi magana mai tsawo mai daɗi, kowace gaɓa sai ya ce Allah ya ba ka nasara. Baffa ya yi tasa gajeriya, da Hausarsa mai karkata. Ya ce an ba su, ba aro ba ne, waɗanda suka bayar sun mutu, amma ga ɗan amininsa nan zaune, a tambaye shi. Mai gari ya ce, "Sarkin Rafi, ruwa da hanyarsa a hannunka suke. Kyauta ce ko aro?"

Na leƙa ta ƙofar zana. Maigidana yana zaune a kan buzu kusa da mai gari, inda mahaifinsa bai taɓa zama ba, ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, abin an daɗe. Ba ni son in rantse a kan maganar waɗanda suka riga mu gidan gaskiya."

Baffa ya dafa sandarsa ya ɗan matso. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗan aminina, dube ni."

Bai dube shi ba. Baffa ya sake faɗa. Maigidana ya gyara amawali ya ci gaba da kallon buzu. Mai gari ya jira, ya jira, sannan ya ce tunda ba shaida, mai gona ya fi ƙarfi a kan gonarsa, Fulani su nemi wata mashaya. Baffa ya miƙe ya yi wa mai gari sallama yadda ya kamata, ya sa takalmansa, ya tafi. Matar mai gari ta taɓa ni ta ce yaron yana kuka. Ban ji ba.

Ba wata mashaya kusa da za ta ɗauki shanunsu. Kafin ruwa ya sake sauka rugar ta tashi. Adda ba ta zo sallama ba. Wata safiya na buɗe ƙofa na tarar da faifaina da ta ara, da wata 'yar tukunyata, an wanke su an kife a bakin zaure. Na hau tudun daga baya, ban tarar da komai ba sai da'irar toka da turakun maruƙa. Attajirin ya kewaye wurin da ƙaya, aka tuge gambar. Gonakin gari suka rasa taki, gero ya fara fitowa siriri, mutane suna cewa ƙasa ce ta gaji. Shi kuma mai agogo ƙafarsa ta ɗauke daga ƙofarmu. Da fari yakan aiko da gaisuwa, daga baya ko ita babu. An ce mini sun haɗu a kasuwar Kankia, ya kira maigidana da sunansa tsirara, ya miƙa masa hannu yana kallon wani wuri.

Rawanin dai ya zauna. Har ya bar duniya Sarkin Rafi ake ce masa. In ya fito a ce ranka ya daɗe, in ya yi atishawa a ce Allah ya ja zamani. Ranar salla zaurenmu yakan cika da masu gaisuwa. Amma ni da ke tsakar gida ina jin sawun mutane, na san bambanci. Masu rikicin iyaka, da masu rabon gado, da wanda zai yi tafiya yana neman inda zai bar amanar iyalinsa, sai in ji sawunsu ya iso ƙofarmu, ya ɗan yi sanyi, ya wuce. Wurin wani mai gyaran rijiya suke zuwa a ƙarshen gari, mutumin da ko hular kirki ba shi da ita. Ba wanda ya taɓa zagin maigidana. Ba wanda ya taɓa tayar masa da maganar. Ni ma ban ƙara ba. Ya ciyar da mu, ya tufatar da mu, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, sahun gaba bai taɓa wuce shi a masallaci ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa. Sai dai tun daga shekarar nan bai ƙara bi ta hanyar tsamiya ba, ko da ita ce kusa, kuma ya daina shan fura da nono, ya ce tana sa masa kumburin ciki.

Yanzu duk ƙasar nan ka nemi burtali ka rasa, an shuke su ɗaya bayan ɗaya, kuma kowa ya ga abin da ya biyo baya tsakaninmu da mutanen da muke cin abinci a ƙwarya ɗaya. Ban ce daga ƙofar mai garinmu abin ya faro ba, ni wace ce da zan faɗi haka. Na dai san yadda aka rufe guda ɗaya, kuma ban ga an zare wuƙa ba, ban ga an ɗaga sanda ba. Da ranka ya daɗe aka rufe shi.

Na sake ganin Adda sau ɗaya. Lokacin har na yi jikoki, na je kasuwar Kankia sayen kayan ɗakin autata. Ina ratsa layin masu nono sai na ji an ce, "'Yar Haɓe!" Na juya. Ta tsufa, haƙoranta sun zube, amma awarwaron nan suna hannunta. Ashe rani ne ya biyo da su ta kusa. Muka riƙe hannun juna, sai hawaye. Ta jawo ni na zauna a kan buhunta, ta dama mini fura da hannunta, ta hana ni taɓa bakin zanena in biya. Ta ce Baffa ya daɗe da rasuwa, can wajen kudu aka binne shi. Sannan ta shiga tambaya. Ta tambayi ɗan farina da ta ɗebo wa itace, ta tambayi ƙannensa da ba ta ma san su ba, ɗaya bayan ɗaya. Ta tambayi gwaggo. Ta tambayi matar mai gari. Ta tambayi rijiyarmu ko har yanzu tana ƙafewa da bazara, ta tambayi tsamiya ko tana nan. Har wata baƙar akuyata mai satar dusa sai da ta tuna, muka yi dariya. Muka zauna har rana ta karkata. Da zan tashi ta raka ni bakin layi, ta ce Allah ya sada mu da alheri, ta koma wurin ƙwaryarta.

Na iso gida kafin la'asar ta wuce. Maigidana yana zaure a kan buzu, lokacin ƙafafu sun fara ba shi wahala, ba ya nisa. Na gaishe shi zan wuce, sai na ga ba daidai ba ne ya ji a bakin wani. Na ce, "Malam, na ga Adda a kasuwa."

Ya tambayi labarin Baffa, na gaya masa. Ya yi salati, ya shafa addu'a. Na ɗauki kayana zan shiga, sai ya ce, "Tsaya."

Na tsaya.

Ya ce, "Ta ambace ni?"

Na ce, "A'a."

Ya ɗago kai ya dube ni, irin duban da ban taɓa gani a idonsa ba. Ya ce, "Ko da zagi?"

Na ce, "Ko da zagi."

Ya ce, "To." Ya jawo butarsa, ya fara alwala a hankali, ya wanke hannu ɗaya ya sake wankewa, har ruwan ya ƙare bai kai ga fuska ba. Na karɓi butar na shiga na ciko masa.